In za ki taimaki yarinyar da ta haihu da ƙuruciya, ga ta inda ake farawa

Kusan duk ƙungiyar da ta tashi taimakon yara mata masu goyo, abu na farko da ke faɗo mata a rai keken ɗinki ne. A kafa rumfa, a kira mai unguwa, a ɗau hoto a sa a Facebook, shikenan wai an yi aiki. Bayan wata biyu ki koma gidan ki tarar keken ya tafi kasuwa, ko mijin ya sayar, ko ita da kanta ta sayar ta sai wa yaro magani, kuma wallahi ba laifinta ba ne. Toh ko ma'aikaciyar walwala ce ke a ƙaramar hukuma, ko 'yar sa kai, ko malamar islamiyya da yara ke kawo wa kukansu, keke yana nan zuwa amma shi ne na ƙarshe.

Ki fara da mutanen gidan. Yarinya 'yar shekara 15 ko 16 ko ƙofar gida ba ta isa ta leƙa ba sai an ce ta je, don haka in kin zauna da ita kaɗai kin tsara mata rayuwa tsaf, aikin banza kika yi. Ki gano wa ke da ta cewa, uwar miji ce, kaka ce, ko wani kawu da ba ya ma kwana a gidan. Ranar farko kar ki shiga da fom da biro a hannu, ki gaisa sosai, ki zauna a tabarma, in an kawo ruwa ki sha. "Mama na zo duba mai jego ne da jikanki" ya isa. Maganar auren wuri ki bar ta a ofis dan Allah, aure an riga an ɗaura, ɗa an riga an haifa, kina buɗe baki da wannan zancen an rufe miki ƙofa. Miji kuwa ya fi sauƙi ki bi ta hannun liman ko abokin aikinki namiji.

Sai kin samu shiga sannan ki nemi keɓewa da ita. Kar ki yi mamaki in kin ga ba ta ko kallon jaririn a gaban mutane, kunyar ɗan fari ce ba ƙiyayya ba, amma ki lura, wata kunyar na hana ta ba shi nono yadda ya kamata sai a koma ɗura masa ruwa da madarar gwangwani. Nono zalla ne har wata 6. Ki tambaye ta a hankali: jini ya tsaya? tana cin abinci? tana barci? ana dukanta? Sannan tambayar da kowa ke tsallakewa, fitsari yana zubo mata ba da saninta ba?

Wannan ta ƙarshen a kanta zan daɗe. Yoyon fitsari doguwar naƙuda ke kawo shi, kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara har naman wajen ya mutu ya huje, kuma yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba ta fi shiga haɗarin. Ba za ta faɗa miki ba, hancinki ne zai faɗa miki, ko ki ga an ware mata ɗaki can baya da tsummokara a shanye, ko ki ga ta rage shan ruwa wai don ya ragu, alhali hakan ƙara zarni da ƙuna yake yi. Ana warkewa. Akwai cibiyar tarayya a Babbar Ruga a Katsina, akwai ta Ningi a Bauchi, akwai cibiyar Laure cikin asibitin Murtala a Kano, mutanen Maraɗi kuma suna da ta Danja. In aka kai ta da wuri, makonnin farko bayan haihuwa, wani lokacin in hujin ƙarami ne robar fitsari kaɗai ke sa ya toshe ba sai an yi tiyata ba. Abin da ke hana zuwa yawanci kuɗin mota ne da abincin mai jinya, nan ne kuɗin ƙungiyarku zai yi amfani. Bayan aiki likita zai hana kwanciyar aure na wasu watanni, haihuwa ta gaba kuma a asibiti, wannan mijin ya ji da kunnensa daga bakin likita.

In cikin ne da ita ba ta haihu ba tukuna, awo tun da wuri, maganin ƙarin jini, allurar tetanus, maganin kariya daga maleriya da gidan sauro. Ki koya wa uwar gidan alamun haɗari: ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska da hannu, gani dishi-dishi, zubar jini, jijjiga, naƙudar da ta wuce awa 12. Kowanne aka gani, asibiti ne kai tsaye, ba jiran rubutu ko hayaƙi ba. Wankan jego ba za ki iya hanawa ba kar ma ki fara, amma ki roƙi a sassauta zafin ruwan a rage kanwa a kunu, yawanta na wahalar da zuciya.

Wadda ta yi ciki ba aure tata ta fi wuya, sau da yawa kuma in kin bincika fyaɗe ne, wani babba ne a unguwa ko a gidan da take aikatau. Sirri, sirri, sirri, ko abokiyar aikinki ba sai ta san sunan ba. Akwai cibiyoyin kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, Waraka a Kano, Salama a Kaduna, Nana Khadija a Sakkwato, in abin sabo ne a kai ta cikin awa 72 don maganin kariya daga ƙanjamau ya yi aiki. Dangi za su ce a rufa asiri a sasanta, ke dai kar ki zama 'yar aiken sasanci.

Wadda aka saka da goyo kuma, ciyar da yaro a wuyan uba yake a shari'a, riƙo kuma na uwa ne a mazhabar Malikiyya in dai ba ta yi wani auren ba. A fara da manya, in ya ƙi a je Hisbah ko kotu, lauyoyin FIDA (ƙungiyar lauyoyi mata) da na Legal Aid Council (hukumar taimakon marasa kuɗin lauya) suna tsayawa kyauta. Duk adadin da aka yanke a rubuta a takarda da shaidu, "zan dinga aikowa" ba magana ba ce.

Takardu: katin rigakafi, ana farawa tun haihuwa sai sati 6, 10, 14, sai wata 9 da 15, takardar haihuwa daga hukumar ƙidaya, ita kuma uwar lambar NIN, don in babu ita ba rajistar jarabawa ba asusun banki.

Makaranta ba wurin zuwa ne babu ba. Kano tana da hukumar ilimin manya tun 1980 zamanin Abubakar Rimi, akwai makarantun matan aure a jihohi da dama, ga shirin AGILE na karatun 'yan mata da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, ga Centre for Girls Education a Zariya. Matsalar ita ce wa zai riƙe yaron daga ƙarfe 8 zuwa azahar. In ba ki warware wannan da kaka ko maƙwabciya ba, sati uku za ta yi ta daina.

Sai yanzu sana'a. Ki duba layinsu tukuna, in teloli biyar ne a layin me za ta yi da keke? Wata awara ko ƙuli-ƙuli ya fi mata, wata kitso da lalle, wata tunkiya ɗaya. Jari kaɗan-kaɗan, a haɗa su adashe su biyar ko shida. Kuma ki kalli mijin, sau da yawa shi ma yaro ne ɗan 20 da ba shi da aikin yi, in aka samo masa ogan da zai koya masa gyaran waya ko walda gidan ya fi zama lafiya.

Ki riƙe littafi, lamba a madadin suna, ranar ziyara, abin da aka yi alkawari da wanda ya ɗauka. Kuɗin aljihunki kar ki saba bayarwa, ranar da babu za a ce kin canza. Ki sa ranar komawa tun kafin ki fito daga gidan, ki faɗa wa Mama da bakinki, in ranar ta zo ko ruwa ake ki je.