Yadda Ake Cin Moriyar Littattafan Wasa Ƙwaƙwalwa a Majalisar Unguwa

Littafin wasa ƙwaƙwalwa ana zama da shi ne da biro da takarda, kuma amfaninsa ya fi fitowa idan akwai jama'a ana gardama. Majalisar unguwa bayan Isha'i ta isa, haka tsakar gida ranar Alhamis da yara ba su da Islamiyya. Mutum takwas zuwa ashirin, awa ɗaya da rabi, sau ɗaya a mako. A tanadi allo da alli, ko bayan kwali da maka, sai littafin rubutu ga kowa, da kalkuletar waya wadda ba za a taɓa ba sai an gama lissafi da hannu.

Wanda ya fi kowa suna a wannan fanni shi ne Martin Gardner, ɗan Amurka, wanda aka haifa a 1914 ya rasu a 2010. Ya shafe shekara 25 yana rubuta shafin wasannin lissafi a mujallar Scientific American, aka tattara su littafi-littafi. Mai farawa ya nemi Mathematics, Magic and Mystery na 1956, domin dabarun cikinsa da kati da tsabar kuɗi da lambobi ake yin su. Littafinsa na fallasa ilimin bogi kuwa, Fads and Fallacies in the Name of Science, ya fito da wannan suna a 1957. A Kano, a leƙa shagunan littattafai na Sabon Gari da masu sayar da na hannu, a kuma tambaya a Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad. Wanda bai dace ba ya sauke Amusements in Mathematics na Henry Dudeney, ɗan Ingila, wanda ya fito a 1917, kyauta yake a shafin intanet na Project Gutenberg. Matsalarsa ɗaya: tambayoyin kuɗi na cikinsa da fam da sule da kwabo aka gina su. Kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Duk dattijon da ya yi ciniki a Kurmi kafin zuwan naira a 1973 zai warware wa matasa wannan, kuma hanya ce mai kyau ta jawo shi cikin zaman.

Mai jagorantar zaman ya warware tambayar shi kaɗai tun a gida, sannan ya sake mata riga da kayan garinmu. Kada a faɗi amsa kafin minti ashirin, ko da an yi ta magiya. Wanda ya riga kowa ganewa ya rubuta a takarda ya miƙa wa jagora, kada ya furta, in ba haka ba mutum biyu masu saurin kai za su mallake majalisar, sauran su daina zuwa.

A buɗe da abin da kunne ya saba. Minti goma na kacici-kacici da karya harshe, irin na kwaɗo da ƙato da suka tafi ƙoto, yana sakin baki. Daga nan a ba da kalma mai fuska biyu, kamar kuka, wuya, gari ko fari, kowa ya yi jimla ɗaya da ta ɗauki ma'anonin duka. Wasan kalmomin da ke cikin littattafan Turanci ba ya fassaruwa, kada a ɓata lokaci a kansa. Namu yana cikin karin sauti da tsawon wasali, abin da rubutun boko ba ya nunawa, shi ya sa a baki ake yin sa. Sai a shiga tsohuwar tambayar nan ta mai kura da akuya da damin harawa a bakin kogi, jirginsa ba ya ɗaukar fiye da abu ɗaya, kuma ba a barin kura da akuya, ko akuya da harawa, su kaɗai. Tsallakawa bakwai ce, kuma inda ake maƙalewa shi ne ba a tunanin ana iya dawowa da akuya baya.

Hatimi mai gida tara kowa ya taɓa ganinsa, amma kaɗan ne suka san yadda ake gina shi ta fuskar lissafi. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu da Larabci a 1732 kan hanyoyin gina irin waɗannan gidajen lambobi. Ga hanya mafi sauƙi. A zana gida uku-uku, a sa 1 a tsakiyar layin sama. Kowace lamba ta gaba tana tafiya gida ɗaya sama, gida ɗaya dama. In an fita ta sama a shigo ta ƙasa, in an fita ta dama a shigo ta hagu. In aka tarar gidan da mai shi, sai a sauka gida ɗaya ƙarƙashin lambar da aka rubuta yanzu. Layin sama zai fito 8, 1, 6, na tsakiya 3, 5, 7, na ƙasa 4, 9, 2, kowane layi a tsaye da kwance da karkace yana ba da 15. Kuskuren da aka fi yi shi ne sauka ƙarƙashin gidan da aka tarar a cike, maimakon ƙarƙashin lambar ƙarshe. Wannan hanya tana aiki ga mai gida biyar-biyar, inda jimla take 65, da bakwai-bakwai, amma ba ta aiki ga huɗu-huɗu ko shida-shida.

Dabarar 1089 ita ce gadar da ke kai majalisa ga ainihin aikin, wato koyon gane yaudara. Jagora ya rubuta 1089 a takarda, ya naɗe, ya ba dattijon wurin ya riƙe. Wani ya zaɓi lamba mai gurbi uku wadda farkonta da ƙarshenta suka bambanta, a ce 732. Ya juya ta, 237, ya cire ƙarama daga babba, saura 495. Ya juya wannan, 594, ya haɗa su, 1089. A buɗe takarda. A bar mutane su yi mamaki na ɗan lokaci, sannan dole a bayyana sirrin, domin dabarar da ba a bayyana ba koyar da yaudara ce. Ragowar cirewar kullum ninkin 99 ce, don haka tsakiyarta 9 ne, gefe da gefenta kuma suna haɗuwa su ba da 9. Inda take lalacewa shi ne idan bambancin farko da ƙarshe ɗaya ne tak, kamar 433, ragowa ta zama 99. A nan sai an rubuta ta 099, a juya ta 990, kafin lissafi ya fita. Mai gudun wannan ya ce tun farko bambancin ya kai biyu.

Mako na gaba a kawo tambayar mai tsire. Abokai uku sun ba da naira 1,000 kowanne, mai tsire ya ce na 2,500 ne, ya ba yaronsa 500 ya mayar. Yaro ya soke 200, ya ba kowa 100. Ke nan kowa ya biya 900, sau uku 2,700, a haɗa da 200 na yaro, 2,900. Ina naira 100? Babu abin da ya ɓata. Kuɗin yaro suna cikin 2,700 ɗin tun farko, wato 2,500 na tsire da 200 nasa, abin da ya kamata a ƙara shi ne 300 da aka mayar. Wannan tambaya tana da daraja ƙwarai ga 'yan kasuwa, domin tana nuna yadda mai zaƙin baki ke haɗa abin da ya kamata a cire, lambobin duk gaskiya ne amma jerin ƙarya ne.

Daga nan a ɗauki kalkuleta a auna alƙawarin masu ninka kuɗi. MMM ta yi wa 'yan Najeriya alƙawarin ribar kashi 30 cikin ɗari duk wata kafin ta rufe asusun mutane a Disambar 2016. A sa 100,000 a ninka da 1.3 sau goma sha biyu, za a ga kusan naira miliyan 2.3 a shekara ɗaya. A ci gaba har sau 36, ta haura biliyan 1.2 a shekara uku. Babu dila a Kantin Kwari ko buhu a Dawanau da ke kawo wannan. Haka tsarin "kawo mutum shida": hawa na 11 yana buƙatar mutum sama da miliyan 362, fiye da jama'ar ƙasar nan, hawa na 13 kuma ya wuce mutanen duniya.

Abin da ake kira dace mai ban mamaki ma yana da lissafi. Littattafan suna cewa cikin mutum 23, yiwuwar biyu su haɗa ranar haihuwa ta ɗan haura rabi. A nan gwajin yakan gurɓace, saboda da yawa ba su riƙe ranar ba, wasu kuma 1 ga Janairu aka rubuta musu a takarda. A yi amfani da lambobi biyu na ƙarshen lambar waya. Mutum 13 sun isa yiwuwar ta wuce rabi, mutum 20 ta kai kusan kashi 87, mutum 30 ta haura kashi 99. Ba kullum zai fito ba, a faɗa wa mutane haka kafin a fara.

Akwai kuma gwajin da Bertram Forer, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya yi wa ɗalibansa a 1948. Ya ba kowa takarda ya ce bayanin halinsa ne shi kaɗai, suka ba ta maki sama da 4 cikin 5, alhali rubutu ɗaya ne ya raba wa kowa. A rubuta jimloli goma irin "kana taimakon mutane amma ba kowa ke gode maka ba" da "akwai wani na kusa da kai da ba ya son ci gabanka", a sa a ambulan da sunan kowa, kowa ya karanta a ɓoye ya ba da maki, sannan a yi musanya. Wanda ya ga wannan da idonsa zai gane salon ɗan duba tun daga jimlar farko.

Gwaji mafi nauyi shi ne na mai cewa yana gano ruwa a ƙasa da sanda ko ƙarfe kafin a haƙa rijiyar burtsatse. A same shi da mutunci, domin da yawansu sun yarda da abin da gaske, hannu ne ke motsa sandar ba tare da mai shi ya sani ba. A jera bokiti goma iri ɗaya masu murfi, tsakaninsu taku uku, ɗaya da ruwa, sauran da yashi don kada iska ko sauti su tona. A fara da zagaye a buɗe, yana ganin inda ruwan yake, ya tabbatar da bakinsa cewa sandarsa tana aiki a wannan fili da waɗannan bokitai. In aka tsallake wannan, daga baya zai ce roba ce ta hana. A amince a rubuce kan abin da za a kira nasara, misali biyar cikin goma. Da canki kawai ana sa ran ɗaya cikin goma, samun biyar ko fiye kuwa kusan sau ɗaya ne cikin 600. Kowane zagaye a zaɓi bokitin ruwa da ƙuri'ar takardu goma, kuma wanda ya jera ya bar wurin gaba ɗaya kafin mai sanda ya shigo. Dalilin wannan shi ne labarin dokin nan Hans na Jamus da aka ce yana lissafi da buga kofato, har wani mai bincike, Oskar Pfungst, ya nuna a 1907 cewa fuska da motsin mai tambaya yake karantawa, in mai tambayar bai san amsa ba sai doki ya rikice. Kada a buɗe murfi bayan kowane zagaye. Mai jerawa ya rubuta lambar bokitin a takardarsa, mai sa ido ya rubuta zaɓin mai sanda a tasa, sai an gama goman a haɗa takardun biyu a gaban kowa.