Yadda Ake Haɗa Littafin Tunawa da Labaran Sojoji Domin Tallafa wa Iyalan 'Yan Mazan Jiya

A kowace ranar 15 ga Janairu, shugabanni a Abuja da manyan biranen jihohi sukan ajiye furanni, a yi fareti, a saki tantabaru, domin tunawa da sojojin Nijeriya da suka kwanta dama. Abin da bikin ba ya iya tattarawa shi ne labaran da ke bakin waɗanda suka je suka dawo. Dakarun runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma da suka yi yaƙin Burma tsakanin 1943 da 1945 kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, kuma mafi yawansu sun tafi da labaransu ba tare da an rubuta ba. Matasan da suka sauka a Monrobiya, babban birnin Laberiya, ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a watan Agustan 1990 yanzu furfura ta cika kansu. Ƙaramin rukuni na masu aikin sa-kai zai iya tattara irin waɗannan labarai ya mayar da su littafi, ya sayar, ya miƙa ribar ga marayu da matan da sojoji suka bari, matuƙar an bi aikin daki-daki.

Mataki na farko shi ne a tsayar da iyakar littafin, domin wanda ya ce zai rubuta labarin sojan Nijeriya baki ɗaya ba zai gama ba. A zaɓi aiki guda ko zamani guda: aikin kiyaye zaman lafiya na Kwango daga 1960, ko na Labanon daga 1978, ko Laberiya da Saliyo, ko Darfur inda sojojinmu suka fara shiga ƙarƙashin Tarayyar Afirka a 2004, ko kuma yaƙin Arewa maso Gabas. Za a iya kuma taƙaita shi ga bataliya ɗaya ko ga tsofaffin sojojin gari ɗaya. A ganina labarai 30 zuwa 40 sun isa littafi mai kauri, kuma gwamma a samu 30 da aka yi musu aiki sosai da a tara 100 da aka tsakuro sama-sama. Kwamitin aikin kada ya yi yawa: mai jagoranta, edita, ma'aji, masu ɗaukar hira uku ko huɗu, da mace aƙalla ɗaya da za ta riƙa shiga gidajen matan da suka rasa mazajensu. Wajibi ne a samu tsohon soja a cikin kwamitin, wanda ya san bambancin kofur da saje da samanja, wanda kuma idan ya yi sallama a ƙofar tsohon abokin aikinsa za a shimfiɗa masa tabarma ba tare da zargi ba.

Mataki na biyu mutane da yawa sukan bar shi sai ƙarshe, alhali shi ya kamata a kammala kafin a kunna rikoda ko sau ɗaya: a yanke shawarar inda kuɗin zai tafi, a rubuta, a sa hannu. Ƙungiyar tsofaffin sojoji ta ƙasa, wato Nigerian Legion, tana da rassa a jihohi, kuma ita ce ake danganta sayar da tambarin tunawa da 'yan mazan jiya da ita a kowace shekara. Akwai kuma ƙungiyoyin matan hafsoshi irin su NAOWA, waɗanda suke gudanar da makarantu da ayyukan jinƙai a barikoki. Duk wadda aka zaɓa, a zauna da shugabanninta a fayyace abin da kuɗin zai yi, ko kuɗin makarantar marayu ne, ko jarin sana'a ga zawarawa, ko magani da ƙafar roba ga waɗanda suka samu rauni. A buɗe asusun banki na musamman wanda ba a cire kuɗi daga cikinsa sai da sa hannun mutum biyu, kuma ko da wasa kada kuɗin littafi ya bi ta asusun wani ɗan kwamiti, komai amanarsa. Idan rukunin yana da niyyar ci gaba da irin wannan aiki bayan littafin farko, ya dace ya yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta ƙasa a matsayin ƙungiya mai amintattu. Dalilin gabatar da wannan mataki a fili yake: tsohon soja da ya sha jiran fansho ya san daɗin baki, kuma tambayarsa ta farko ita ce wa zai ci moriyar labarinsa. Dole mai hira ya zo da amsa a rubuce.

Daga nan sai neman izini. Sojan da ke bakin aiki ba shi da hurumin ba da labarin aikinsa domin bugawa sai da amincewar hukumarsa, saboda haka a rubuta takarda zuwa ga Sashen Hulɗa da Jama'a na Rundunar Sojan Ƙasa, ko na Hedikwatar Tsaro, a bayyana manufar littafin da waɗanda za su amfana. Wanda ya yi ritaya ya fi sakewa, amma shi ma Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ba ta sauka daga kansa ba. Wannan ya fi muhimmanci ga labaran Arewa maso Gabas, inda har yanzu ake fafatawa: wurin da sansani yake, yawan dakaru, irin makaman da ke hannu, da sunan ɗan gari da ya taimaka da bayani, duk ba su da wuri a littafin. Abin da ya faru a Firitawun, babban birnin Saliyo, a 1999 tarihi ne. Abin da ya faru a gefen Tafkin Chadi bara yana iya jawo asarar rai gobe.

Samun masu ba da labari ba shi da wuya idan an bi ta hannun mutane. Ofishin tsofaffin sojoji na jiha, limamin masallacin bariki da faston cocinta, da masu shaguna a kasuwar mami, wato kasuwar bariki, duk sun san wanda ya je ina. Mutum ɗaya idan ya gamsu zai haɗa ku da uku. A yi ƙoƙari kada littafin ya zama na hafsoshi kaɗai, domin kanar da janar sun saba da magana a gaban jama'a kuma su ne za su fara amsa kira. A nemi direban da ya tuƙa motar kayan abinci, da mai jinyar da ya ɗaure raunuka, da mai dafa abinci, da sojan mace, da matar da ta zauna a bariki shekara biyu tana jiran wasiƙa. Kuma tun da soja na kowa ne, za a samu wanda zai fi sakin jiki da Turancin buroka ko Tibi ko Yarabanci. A bar shi ya yi magana da harshen da ya ga dama, fassara ta biyo baya.

Hirar ita ce zuciyar aikin, kuma a nan ne ya kamata a kashe mafi yawan lokaci. Ziyarar farko ta gaisuwa ce da bayani kawai, ba a fito da rikoda. A karanta wa mutum takardar amincewa da harshen da yake ji, wadda ta bayyana cewa za a buga labarinsa, cewa ba za a biya shi ba, cewa yana da ikon a sakaya sunansa, kuma yana iya janyewa kafin a kai littafin maɗaba'a. Sai ya sa hannu ko ya dangwala. A ziyara ta biyu a zauna a inda ya zaɓa, a ajiye wayar da ke ɗaukar murya kusa da shi, nesa da janareta da rediyo, kuma kada zaman ya wuce awa ɗaya da rabi.

Kada a fara da yaƙi. A fara da ranar da ya shiga soja, da wanda ya raka shi tasha, da yadda horon kurata ya kasance a Zariya, da abin da mahaifiyarsa ta ce da ta ji za a tura shi ƙasar waje. Tambayoyin da suka fi buɗe baki su ne na ƙananan abubuwa: "Baba, me kuke ci a can?" ko "Yaya kuka yi azumi a daji?" ko "Wa ke kwana kusa da kai?" Daga amsar tambaya ta ƙarshen nan ne sau da yawa sunan abokin da bai dawo ba yake fitowa, kuma ya fito da kansa ba tare da an tono shi ba. Akwai tambaya ɗaya da mai hira ba zai taɓa yi ba, ita ce ko mutum nawa ya kashe. Idan mai ba da labari ya yi shiru, a bar shirun ya yi tsawonsa, kada a yi gaggawar cike shi da wata tambayar. Idan hawaye ya zo ko jikinsa ya ɗauki rawa, a kashe rikoda, a ba shi ruwa, a tambaye shi ko a tsaya nan. Wasu daga cikin waɗannan bayin Allah suna fama da firgicin da yaƙi ke bari a ƙwaƙwalwa, wanda ke hana barci shekaru bayan an dawo, saboda haka ya kamata kwamiti ya riƙe lambar wani likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara tun kafin a fara, kuma a kira mutumin washegari a ji yadda ya kwana. Matar da mijinta ya rasu ba a zuwa mata da rikoda tana cikin takaba, kuma ko bayan ta fita, mace ce ya fi dacewa ta zauna da ita, da sanin dangi.

A ranar da aka yi hira a kwafe muryar zuwa wuri biyu dabam, domin waya tana ɓata kuma tana faɗawa ruwa. Sannan a rubuta duk abin da aka faɗa kalma bayan kalma, aikin da kan ci awa biyar ko fiye a kan kowace awa ɗaya ta magana, kuma a nan ne masu sa-kai suka fi gajiya su watse, don haka a raba shi tun da wuri. Aikin edita shi ne ya cire maimaici, ya jera labarin yadda za a bi shi, amma ya bar wa mutum muryarsa. Idan saje ya ce "muka ci wuya", kada a mayar da shi "mun fuskanci ƙalubale". Wannan harshen takardar ofis ne, kuma da shi labarai 40 za su koma kamar mutum ɗaya ne ya faɗe su.

Tantance gaskiya kuwa tilas ne, domin tunani yakan gauraya shekaru. Wanda ya ce yana cikin rundunar Haɗin Kai ta yaƙin Arewa maso Gabas a 2016 ya yi kuskuren suna, saboda a lokacin Lafiya Dole ake kiranta, sai a 2021 aka sauya. Wanda ya haɗa korar sojojin juyin mulki daga Firitawun da mamayar da 'yan tawaye suka yi wa birnin ya haɗa 1998 da Janairun 1999. Irin wannan ana gyara shi ta hanyar duba takardar sallamarsa daga aiki, da tsofaffin jaridu, da tambayar wani da suka yi aiki tare. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne zargi: idan labari ya ɗora wa wani kwamanda mai suna laifin cin kuɗin alawus ko jefa sojojinsa cikin halaka, to ko dai a samu hujjar da za ta tsaya a kotu, ko a cire sunan. Ba ina nufin a wanke littafin ya zama yabo zalla ba, domin littafin da babu yunwa da tsoro da jinkirin albashi a cikinsa sojoji da kansu ba za su yarda da shi ba. Bayan an gama gyara, a koma wa kowane mai labari a karanta masa nasa, ya amince da bakinsa kafin a wuce.

Hotuna a ɗauke su da na'urar sikana a gaban mai su a mayar masa nan take, domin sau da yawa hoton da ke jikin bango shi kaɗai ne iyali suka mallaka na mamacin. A rubuta sunan wanda ke ciki da wuri da shekara a ƙarƙashin kowanne, kuma a guji hoton gawa ko na fursuna. A ware shafuka a ƙarshen littafin domin jerin sunayen waɗanda suka rasu, da muƙaminsu da bataliyarsu, a kuma sa mutum biyu su duba rubutun kowane suna.

Wajen bugawa, a nemi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, wanda kuma doka ta tanadi a kai masa kwafin duk littafin da aka buga. A tabbatar cewa tsarin haruffan da maɗaba'a za ta yi amfani da shi yana fitar da ƙ da ɗ da ɓ daidai, a kuma karɓi kwafin gwaji a karanta shi daga bango zuwa bango. A karɓi farashi daga maɗaba'u uku aƙalla, a Kano ko Kaduna ko Zariya. Hanya mafi aminci ita ce a samu masu ɗaukar nauyin kuɗin bugawa tun farko, ko a karɓi kuɗin waɗanda suka yi odar littafin kafin ya fito, ta yadda duk abin da aka sayar zai tafi ga marayu kai tsaye maimakon biyan bashin takarda.

Lokacin da ya fi dacewa da ƙaddamarwa shi ne makonnin da ke gabanin 15 ga Janairu, sa'ad da hankalin jama'a yake kan 'yan mazan jiya, wanda ke nufin littafin ya shiga maɗaba'a tun watan Oktoba. A zaunar da masu labaran da iyalan mamata a sahun gaba, a ba kowannensu kwafinsa kyauta. Kowa ya san yadda taron ƙaddamar da littafi yake a ƙasar nan: ana shelar miliyoyi a lasifika, sannan a shafe watanni ana bin alkawari. Saboda haka ma'aji ya buɗe shafi biyu, ɗaya na abin da aka yi alkawari, ɗaya na abin da ya shiga asusu, kuma na biyun kaɗai za a sanar a matsayin abin da aka tara. Bayan wata uku a fitar da bayanin kuɗi mai shafi ɗaya da ke nuna kwafi nawa aka buga, nawa aka sayar, nawa aka kashe, nawa aka miƙa da ranar miƙawa, tare da rasidin ƙungiyar da ta karɓa, a aika wa duk wanda ya ba da labari ko ya ba da kuɗi. Muryoyin da aka ɗauka kuma, waɗanda masu su suka yarda, a miƙa kwafinsu ga wata cibiyar adana tarihi kamar Gidan Arewa da ke Kaduna, tare da takardun amincewar da aka sa wa hannu.