Yadda ake gwada juriyar gilashin silika ga tururin nukiliya

Gilashin silika, wato na zallar sinadarin yashi, da ke aiki a cikin tauraron ɗan'adam ko kusa da tukunyar nukiliya yakan dushe a hankali saboda tururin nukiliya (radiyeshan), haske ya daina ratsa shi yadda ya kamata. Shi ya sa ake gwada shi kafin a ɗora masa aiki.

Da farko ka yanko gutsattsari masu kauri ɗaya, ka goge fuskokinsu su yi sumul. Ajiye guda a gefe, kada tururi ya taɓa shi, da shi za ka riƙa kwatance. Sannan ka auna hasken da ke ratsa kowanne da na'urar auna haske, ka rubuta. Wanda ya tsallake wannan mataki ya yi aikin banza.

Sai a kai su ɗakin haskawa na kobalt-60, wani ƙarfe mai fitar da tururin nukiliya da ake kira hasken gamma. Akwai irinsa a Sheda kusa da Abuja, kuma ma'aikatan wurin ne ke wannan aiki. Ka rubuta adadin tururin da suka sha a gire, wato ma'aunin shan tururi, da saurin shan, da zafin ɗakin.

Da sun fito ka sake aunawa nan take, don wani ɓangaren duhun yakan fara washewa tun ranar. Inda za ka sa ido a na'urar shi ne hasken da tsawon zangonsa ya kai nanomita 215. Nan ne alamar ƙwayar silikon da ta rabu da oksijin ɗinta, aibin da Robert Weeks ya bayyana a cibiyar binciken Oak Ridge ta Amurka a 1956. Ido ba ya ganin wannan, gilashi zai yi maka kamar lafiya lau alhali ya sha wuya. Wajen nanomita 620 kuma alamar oksijin ce da ɗaya daga igiyoyin da ke haɗa shi da silikon ta tsinke.

Gamma ba ya cika taɓa jikin gilashin sosai. Niyutiron, ƙwayar da ke fita daga tukunyar nukiliya, shi ne ke matse shi, nauyinsa ya tashi daga giram 2.20 a kowane santimita kubik zuwa kusan 2.26, daga nan ya tsaya. Idan gefe ɗaya ya fi matsewa, gilashin yakan ɗaure har ya tsage.

A ƙarshe ka gasa guda a tanderu, kana ƙara zafi kaɗan-kaɗan kana aunawa, ka ga inda duhun ya sake shi. Idan wayar haske kake gwadawa, wato zaren gilashi mai kai saƙo da haske, tambayi abin da aka gauraya mata: mai fosforas tana saurin baƙi, mai fulorin ta fi jurewa, ita ake shimfiɗawa a wurare masu yawan tururi na CERN, cibiyar binciken nukiliya ta Turai.