Yadda za ka gane ko kwatabak ɗin benci na kulob ɗinka zai iya riƙe gida

Masu kallon ƙwallon Amurka ta NFL, musamman mu da muke zama ƙarfe shida ko bakwai na yamma ran Lahadi muna jiran wasannin farko, yawanci idonmu kan babban kwatabak yake, wato ɗan wasan da ke jagorantar hari yana jefa ƙwallo, Mahomes ko Josh Allen ko Lamar Jackson, babu mai tambayar wane ne wancan da ke tsaye gefen fili da hula a kai da abin sauraro a kunne. Toh gaskiya shi ya kamata ka fara dubawa kafin sizin ya fara, don wasanni 17 ake bugawa kuma a kowane wasa ƙatta masu kilo ɗari da talatin ne ke neman su danne mutum ɗaya a ƙasa. Da wuya sizin ya ƙare ba a samu kulob da yawa da suka rasa babban kwatabak na sati biyu ko uku ko ma gaba ɗaya ba.

Abu na farko, kar ka auna shi da ma'aunin babban. Tambayar da za ka yi ita ce in ogan ya ji ciwo na wata guda, wannan zai iya cin wasa biyu cikin huɗu? In zai iya to kulob bai mutu ba. Dubi Teddy Bridgewater a New Orleans Saints a 2019, Drew Brees ya ji ciwo a babban yatsa, Teddy ya buga wasa biyar ya ci duka biyar, ba wai ya yi wani abin al'ajabi ba ne, kawai bai zubar da ƙwallo ba ya bar difensa da masu gudu suka yi aikinsu. Haka Cooper Rush a Dallas a 2022, ya ci huɗu cikin biyar lokacin da Dak Prescott ke jinya. Don haka in kana duba alƙalumansa fara da sau nawa abokan hamayya suka cafke masa ƙwallo a iska da sau nawa aka kayar da shi yana riƙe da ita, kafin ka je kan yawan yadi da tocdawun, wato kai ƙwallo cikin gidan abokan hamayya.

Na biyu kuma wanda ni a ganina ya fi komai, ka bincika tsawon zamansa da kocin nan da tsarin wasan nan. Dalili kuwa a tirenin na cikin sati kusan duk atisayen da ake yi da 'yan wasan farko babban kwatabak ne ke kwashewa, shi na benci sai dai a sa shi ya kwaikwayi kwatabak ɗin kulob ɗin da za a kara da su don difensa su saba, ma'ana yana kwana biyar yana buga tsarin wasu amma ran Lahadi ana iya ce masa tashi ka shiga cikin minti ɗaya ka buga namu. Koci zai faɗa masa dabara ta rediyon da ke cikin kwalkwalinsa, jimla ce mai tsawo cike da kalmomin sirri, shi kuma ya maimaita wa mutum goma, ya kalli yadda difensa suka jeru, ya canza in akwai buƙata, duk cikin daƙiƙa 40, kuma rediyon ma yana yankewa saura daƙiƙa 15. Wanda bai haddace littafin dabarun ba anan ake ganinsa, zai ta waige-waige agogo na ci.

Chad Henne shi ne misalin da nake so a nan. Tsohon ɗan wasa ne da ya zauna bayan Mahomes a Kansas City shekara da shekaru ba a jin ɗuriyarsa. A Janairun 2023 wasan sili-ɗaya-ƙwale da Jacksonville, Mahomes ya murguɗe idon sawu aka fita da shi, Henne ya karɓi ƙwallo daga yadi 2 na gidansu, bayansa na kusan taɓa layin ƙarshe, ya yi ta jefa gajeru gajeru yana miƙa wa mai gudu har suka ci yadi 98 suka yi tocdawun. Mahomes ya dawo bayan hutun rabin lokaci, suka ci wasan, ƙarshe suka ɗauki Super Bowl, wato wasan ƙarshe na kofin NFL, a wannan shekarar. Hari ɗaya tak ya jagoranta, amma da an yi asarar ƙwallon a bakin gida wallahi labarin na iya canzawa.

Sai ka duba wane iri ne, don kulob na ajiye iri biyu. Akwai dattijo da ya ga jiya ya ga yau, irin Joe Flacco da Cleveland suka ɗauko daga gida yana shekara 38 a 2023 ya ci huɗu cikin biyar ya kai su zagayen gaba. Akwai kuma yaro da ake raino, kamar Tom Brady da New England suka ɗauka na 199 a daraf ɗin 2000, wato zaɓen sababbin 'yan wasa, ya shiga a Satumban 2001 da Drew Bledsoe ya ji mummunan ciwo, daga nan kujerar ba ta koma hannun Bledsoe ba. Kulob mai neman kofi bana dattijo ya fi masa, wanda ke gini kuwa gara ya gwada yaro.

Kowa yana kawo labarin Nick Foles kuma ya cancanta. Babban kwatabak ɗinsu Carson Wentz ya tsinka jijiyar gwiwa a Disamban 2017 ana ganin shi kenan Philadelphia ta faɗi, Foles ya kai su har suka doke New England 41 da 33 a Super Bowl, aka ba shi gwarzon wasan. Amma abin lura shi ne koci Doug Pederson ya gyara tsarin ya koma kan irin jifan da Foles ya iya. Saboda haka ka duba kocin ma, shin mai lanƙwasa tsari ne ko mai cewa dole sai yadda aka saba.

Kar kuma wasa ɗaya ya ruɗe ka. Matt Flynn ya jefa yadi 480 da tocdawun shida wa Green Bay a wasa guda ranar 1 ga Janairun 2012, Seattle suka zuba masa kuɗi, kafin sizin ya fara sabon yaro Russell Wilson ya ƙwace wurin. Foles ɗin kansa Jacksonville sun ba shi kontiragin dala miliyan 88 a 2019 abin bai yi ba. Kamar gola na biyu ne a ƙwallon ƙafa, wani ya iya shigowa ya tare fenariti amma ba zai iya riƙe raga sizin guda ba, kuma wannan bai rage masa daraja a aikinsa ba.

In kana son ganin abin da rashinsa ke jawowa, Indianapolis a 2011 ba Peyton Manning sun ci wasa 2 sun sha kashi 14. New York Jets a 2023 Aaron Rodgers ya tsinka agara a taɓawa ta huɗu ta wasan farko, ga difensa mai kyau amma suka ƙare da 7 da 10, abin ya ba ni haushi sosai don kulob ɗin bai tanadi wani abin kirki a bayansa ba.

Ka leƙa har kwatabak na uku. San Francisco a 2022 Trey Lance ya karye, Jimmy Garoppolo ya karye, sai Brock Purdy wanda shi ne na ƙarshe a daraf, na 262, ya kai su wasan kusa da na ƙarshe. A can shi ma ya ji ciwo a gwiwar hannu, Josh Johnson ya shiga ya bugu a kai, dole Purdy ya dawo fili bai iya jifa, suka sha 31 da 7 a hannun Philadelphia. Bayan wannan ne NFL ta dawo da dokar da ta ba kulob damar sa wa kwatabak na uku kaya don ko ta kwana.

Lokacin da ya fi dacewa ka yi duk wannan binciken shi ne watan Agusta, wasannin share fage, saboda manya ba sa buga fiye da 'yan mintuna wasu ma ba sa shiga sam, na benci ne ke cin kasuwarsu. Ka zuba masa ido a dama ta uku cikin huɗu da ake ba kulob don ya ci yadi goma, idan saura yadi bakwai ko takwas, ka ga ko yana sakin ƙwallo da wuri, in hanya ta toshe kuma yana yarda ya wurga ta waje ko sai ya cusa ta tsakiyar mutum uku.