Yadda Ake Gyaran Sautin Waƙa Tun Daga Situdiyon Ɗaki Har Ta Isa Wayar Mai Saurare

Mafi yawan waƙoƙin da ake bugawa a ƙananan situdiyo na Katsina da Daura ba a kan sifikun da aka haɗa su da su za a saurare su ba. A waya za a ji su, ko a 'yar sifikar Bluetooth da ke kan teburin mai shayi, ko cikin keke napep inji na ruri, ko a filin biki inda mai kayan sauti ya ƙure ƙara. Sannan Bahaushe mai bin baiti ne. Idan kalma ta wuce shi bai kama ba, daɗin kiɗa ba ya fanshe ta. Da wannan za ka riƙa auna kowane mataki: ana jin kalmomin, kuma ana jin su a ƙaramar na'ura?

Gyara tun daga wurin ɗauka

Abin da ya shiga makirufo a lalace, miksin, wato haɗa muryoyi da kayan kiɗa a daidaita su, ba ya warkar da shi, sai dai ya rage masa muni. Ɗakunanmu siminti ne da tayil, sauti yana dukan bango ya dawo. Tsaya tsakar ɗakin ka yi tafi ɗaya. In ka ji wata 'yar ƙara tana bin bayan tafin kamar an daki kwano, ita ma za ta shiga muryar. Jingina katifa a bangon da ke bayan mawaƙi, domin can ne bakin makirufo yake fuskanta, ka shimfiɗa darduma, ka rataya bargo ko labule mai kauri a gefe. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ado ne kurum, ba shi da kaurin da zai sha sauti.

A kashe fanka. Da zafin Afrilu wannan abu ne mai wuya, shi ya sa ɗaukar murya ta fi da dare ko da sanyin safiya, baiti-baiti, ana hutawa ana kunna fankar. Janareta kuma a kai shi nesa da bangon ɗakin.

Akwai wani gunji da ke kwanciya ƙarƙashin murya. Wutar Najeriya tana gudu ne a 50 Hz, wato karkarwa 50 a sakan, don haka gunjin yana zaune a 50, 'ya'yansa, wato ninkinsa, kuma a 100 da 150. Kafin ka zargi makirufo, zare cajar kwamfutar ka bar ta a kan batir. Idan ya ɗauke, daga wuta ne. Ka jona kwamfuta da sawunkad (na'urar da ke shigar da sautin makirufo cikin kwamfuta) da sifiku duka a soket guda, ka yi amfani da kebul na XLR ko TRS, kuma kada kebul ɗin makirufo ya kwanta jikin wayar wuta. Wasu suna karya ƙafa ta uku ta fulogi don gunjin ya tafi. Kada ka yi, ita ce ke kare mutum daga jan wuta.

Ɗauki sauti a 24-bit, 48 kHz idan waƙar za ta shiga bidiyo ko fim. Tsakanin baki da makirufo a bar taƙi ɗaya, santimita 15 zuwa 20, da rariyar tare iska a tsakani. Sa mawaƙi ya rera wurin da ya fi ɗaga murya, ka saita gen, wato ƙarfin shigar sauti, har ƙololuwar ta tsaya wajen −10 dB, kada ta haura −6. Muryar da ta taɓa ja a ma'aunin ƙara ta fashe, ba ta ɗinkuwa.

Kiɗan fiyano kuma, kada a zubo shi dunƙule ta waya ɗaya. A ɗauki ganga daban, bes daban, sarewa daban, a kashe amsa-kuwwar da ke cikin fiyanon. In an cakuɗa su tun daga can, hannunka a ɗaure yake.

Daidaito kafin fulogin (ƙananan manhajojin gyaran sauti)

Ko FL Studio kake aiki da shi ko Cubase, fara da feda kaɗai, wato maɓallin ɗaga ƙarar kowane layi ko sauke ta. Sa wa kowane layi suna, ka goge tari da motsin takarda da ke tsakanin baitoci, ka ɗaga kalmomin da suka nutse da hannu. Sai ka danna mono, wanda ke haɗe hagu da dama wuri ɗaya, ka rage ƙarar sifiku har yadda za ka iya hira da na kusa da kai, ka ɗora murya tukuna, sauran kaya su biyo ta ɗaya bayan ɗaya. Ajiye wata waƙa da ka yarda da sautinta a gefe, ka sauke ƙararta ta yi daidai da taka, kana leƙawa kana dawowa.

Muryar jagora

Idan za ka sa Auto-Tune, mai daidaita karin murya, shi ne a farko, kafin komai ya taɓa muryar. Tambayi mai fiyano ki ɗin da ya buga a kai, wato matakin sautin da aka gina kiɗan a kansa. Ki ɗin da ba daidai ba shi ke sa murya ta riƙa karkarwa tana tsalle tsakanin sauti biyu. Saurin gyara daga 0 zuwa 10 yana ba da wannan amon na'ura da aka saba ji a waƙoƙin nanaye, 20 zuwa 40 kuma yana gyara ba tare da kowa ya lura ba. Kiɗan da ke zurarowa daga hedifon zuwa makirufo yana rikita shi, don haka a rage ƙarar hedifon wurin ɗauka.

Sai ikwalaiza, mai ƙara ko rage wani yanki na sauti, daga kauri zuwa siriri. Yanke duk abin da ke ƙasa da 80 Hz a muryar namiji, 100 zuwa 120 a ta mace, babu komai can sai rugugin ɗaki. Tsakanin 250 da 400 Hz nan ne muryar take yin kamar daga cikin kwali ake magana: rage 2 zuwa 3 dB. Idan tana fita ta hanci, duba wajen 800 zuwa 1000. Hanyar gano wurin ita ce ka ɗaga siririn yanki da kamar 8 dB, ka ja shi a hankali hagu da dama har munin ya fito fili, sannan ka mayar da ɗagawar ragi. Bayan ka share, ƙarin 1 ko 2 dB a 3 zuwa 5 kHz ya isa fito da kalmomi. Fiye da haka, a sifikar waya sai ta koma tsinin allura.

Kwamfuresa, mai danne wuraren da murya ta yi ƙarfi don ta daidaita, na buƙatar kula ta musamman a Hausa. Bambancin "kafa" da "ƙafa", ko "baki" da "baƙi", yana cikin ɗan bugun da ke kan baƙin ne, abu na ƙiftawar ido. Idan kwamfuresa tana cafka da sauri, ƙasa da milisakan 5, wannan bugun take fara dannewa, sai kalmomi su dushe. Bar saurin cafka a milisakan 10 zuwa 20, saki a 60 zuwa 100, rashiyo (yawan dannewa) 3:1 ko 4:1, tana rage 3 zuwa 5 dB a wuraren ƙarfi. Idan mawaƙin mai hawa da sauka ne sosai, kwamfuresa biyu kowace na rage kaɗan sun fi guda ɗaya da ta shaƙe shi.

Tsatsar "s" da "sh" da "ts" tana tsakanin 5 da 8 kHz. Di-esa, mai danne wannan tsatsa, ta rage ta da 3 ko 4 dB. Ka wuce gona da iri, mawaƙi ya koma mai tsamin baki.

Amsa-kuwwa ita ce inda aka fi ɓata waƙa a wajenmu, don tana rufe aibi kuma tana da daɗi a hedifon. Kada ka ɗora ta kai tsaye a kan murya. Buɗe mata layinta, ka riƙa tura muryar can. Jinkirin farko milisakan 20 zuwa 40, don kalma ta fita kafin kuwwar ta biyo, tsawo sakan 1.2 zuwa 1.8, ka yanke mata ƙasa da 250 Hz. Ɗaga ta har ka ji ta sarai, sannan ka sauke kaɗan. Dile kuma, mai maimaita kalma bayan an faɗe ta, lissafi ne: raba 60,000 da gudun kiɗan, wato yawan bugu a minti ɗaya. A gudu 100, bugu ɗaya milisakan 600 ne, rabinsa 300. Ya fi kyau a ƙarshen baiti, ba a kan kowace kalma ba.

'Yan amshi, kalangu da bes

Amshi a rera shi sau biyu ko uku da gaske, a watsa hagu da dama. Kwafin ɗauka ɗaya da aka ɗan goce da shi yana yin faɗi a hedifon, amma a mono sai su cinye juna. Sauke amshi 4 zuwa 6 dB ƙasa da jagora, ka yanke masa ƙasa da 150 Hz, kuma kada ka ƙara masa hasken da ka ƙara wa jagora.

Kalangu magana yake yi, kuma a yankin da muryar mutum take yake yin ta, shi ya sa suke rigima. Ikwalaiza ba ta raba wannan faɗa. Abin da gwanin makaɗi ke yi a fili shi za ka yi da feda: in mawaƙi ya buɗe baki, kalangu ya sauka 2 ko 3 dB, in ya ja numfashi, kalangu ya taso ya amsa. Kada ka matse shi da kwamfuresa mai nauyi, hawa da saukarsa su ne zancensa.

Sifikar waya kusan ba ta fitar da abin da ke ƙasa da 200 Hz. Bes ɗin da ke girgiza ɗakinka a 55 Hz, a waya babu shi. Maganin ba ƙara masa ƙara ba ne. Sa masa ɗan satureshan, wato ɗan kaushin sauti, wanda zai haifo masa 'ya'ya a 110, 165, 220, kunne kuma ya cike sauran da kansa. Abin da ke ƙasa da 120 Hz ya zauna a tsakiya, kuma bes ya riƙa kaucewa 2 zuwa 4 dB duk sanda babbar ganga ta buga.

Kafin ka ce an gama, tura waƙar wayarka, ka fita bakin titi ka saurara. Ka ba wanda bai san baitocin ba ya maimaita abin da ya ji.

Mastarin

Fitar da miksin a WAV 24-bit, ƙololuwa tsakanin −6 da −3 dB, babu limita, mai hana ƙara haura iyaka, a kai. Bar shi ya kwana. Mastarin, gyaran ƙarshe a kan waƙar dunƙule, gyaran fuska ne: yanke ƙasa da 25 ko 30 Hz, ƙari ko ragin da bai wuce 1 dB ba, kwamfuresa 2:1 mai cafka a milisakan 30 tana rage 1 zuwa 2 dB, sai limita. Idan ka ga kana neman 4 dB a ikwalaiza, koma miksin, matsalar tana can.

Ƙarar waƙa da LUFS ake auna ta, kuma manhajar awon Youlean Loudness Meter tana da ta kyauta. Spotify da YouTube suna daidaita waƙoƙi wajen −14 LUFS, Apple Music wajen −16. Wanda ya matse waƙarsa zuwa −7, za su sauke ta, ya tashi ba ƙarar ba bugun. Sai dai fayil ɗin da aka tura ta Xender ko aka zuba a memori babu mai daidaita shi, kuma waƙar −14 za ta yi sanyi kusa da na wasu. Tsaka-tsaki, −11 zuwa −9, shi ya fi dacewa da kasuwarmu. Rufin limita kada ya haura −1 dBTP (awon ainihin ƙololuwa), Spotify ma −2 yake ba da shawara ga waƙar da ta fi −14 ƙara, saboda mayar da ita MP3 ko AAC yana ɗaga ƙololuwa. Limita ta wuce rage 3 ko 4 dB, ganga ta fara laushi ke nan. In za ka sauko 16-bit, sa dita, 'yar siririyar ƙara mai hana sauti kaushi wajen saukowa, sau ɗaya, a ƙarshe.

Fayiloli da rabawa

Daga WAV ɗin ƙarshe za ka ciro komai, ba a yin MP3 daga MP3. Ka tanadi WAV na kafofin intanet da gidan rediyo, MP3 320 kbps, wani kuma 192 na turi, da kiɗa zalla don dandamali. Waƙar minti 6 a 320 tana kai megabait 14, a 192 ba ta kai 9 ba, ga mai lissafin data wannan bambanci ne. A WhatsApp tura ta a matsayin dokumen, ta haka take isa yadda ta fita. Sitatus da saƙon murya matse sauti suke yi.

Waƙa in ta shiga hannun masu turi a kasuwa, ta Jibiya za ta kai Maraɗi, ta Kwangwalam ta nufi Damagaram, ba tare da kai ba. Don haka rubuta sunan mawaƙi da na waƙa da hoto a cikin bayanan fayil ɗin. A sunan fayil kuwa yi amfani da k, d, b marasa lanƙwasa, domin wasu wayoyi da rediyon mota akwati suke nunawa a madadin ƙ, ɗ, ɓ.

Audiomack da YouTube da kanka za ka ɗora. Spotify, wanda ya shigo Najeriya a 2021, da Apple Music sai ta hannun dillali irin DistroKid, TuneCore ko CD Baby. Za su nemi WAV da hoto mai 3000×3000, su ba waƙar lambar shaida ta ISRC. Adana lambar, da ita za ka sauya dillali ba tare da ƙidayar masu saurare ta ɓace ba. Miƙa waƙar mako uku ko huɗu kafin ranar fita, domin Spotify na son a gabatar wa editocinsa aƙalla kwana 7 kafin lokacin. Tun 2024 waƙar da ba ta samu saurare 1,000 cikin wata 12 ba ba ta samun kuɗi a can, amma sayen saurare na bogi yana iya jawo a sauke ta gaba ɗaya.

Kafin a saki komai, a zauna a rubuta kason mawaƙi, marubuci da mai kiɗa, kowa ya sa hannu. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, mallakar da haƙƙi ga wani ba ta tabbata sai a rubuce, "ai mun yi magana" ba hujja ba ce. Kiɗan da aka yi haya a intanet, wanda wasu ma suka haya, ba a yi masa rajistar Content ID, tsarin gano mai haƙƙin sauti, a YouTube.

Wanda bai gama biyan kuɗin aiki ba, a ba shi MP3 128 mai ɗauke da sunan situdiyo kowane sakan 30. Ainihin aikin kuma, da kowane layi da aka fitar daga farkon waƙa zuwa ƙarshe, a ajiye shi wuri biyu: ma'ajiyar fayil ta waje (hard disk) da ba ta kwana a jone, da Google Drive.