Yadda za a tantance ganyen shayin ƙasar Sin kafin a dafa shi

Yawancin koren ganyen da ake dafa ataya da shi a Zinder, Maraɗi ko Kano daga ƙasar Sin yake fitowa, musamman lardin Zhejiang, don haka ya kamata mai saye ya san abin da zai duba. Babbar damuwar ita ce ragowar maganin ƙwari. A shekarar 2012 ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta gwada nau'in shayi 18 da ta saya a kasuwannin Sin, ta kuma sami magungunan da aka haramta amfani da su a gonakin shayi, irin su methomyl da endosulfan, a cikin 12 daga cikinsu. Wannan guba ba ta da launi ko ɗanɗanon da za a gane ta da shi, saboda haka kariyar da ta rage ita ce a sayi shayi a kwalinsa na asali, mai sunan kamfani da ranar lalacewa, kuma a Najeriya mai lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Ganyen da aka zazzage a buhu ana aunawa ya fi araha, amma babu wanda za a tuhuma idan ya cutar.

Rini kuwa ana iya kama shi a gida. A zuba ɗan ganye a ruwan sanyi. Idan ruwan ya koma kore shar nan take, an yi masa rini, domin ganye na gaskiya a hankali yake sakin launinsa. A kuma murza shi a kan farar takarda mai ɗan laima a ga ko zai bar tabo. Wasu masu algus sun taɓa amfani da rini mai ɗauke da dalma, alhali dokar Sin kanta ba ta yarda dalma ta wuce miligiram 5 a kowane kilo na ganye ba. Ganyen da ke warin hunhuna a zubar da shi.

Wajen dafawa, a fara ɗauraye ganyen da ruwan zafi na ɗan lokaci a zubar, wanda ke tafiya da ƙura da wani ɓangare na abin da ke bayan ganyen, ko da yake ba ya cire duk maganin. A rage barin buta tana ta ɓararraka a kan gawayi, domin tsohon ganye yana tara sinadarin fulorayid, kuma daɗewar tafasa tana fitar da shi cikin ruwa. A yankin Tibet na ƙasar Sin, inda ake dafa curarren shayin tsofaffin ganye kullum, yawan fulorayid ya lalata haƙora da ƙasusuwan mutane da dama.