Yadda za ka riƙa ganin kamannin Allah a jikin kowa

A Littafi Mai Tsarki, Farawa 1:27 ta ce Allah ya halicci mutum cikin kamanninsa, namiji da mace, kuma ba a ware ƙabila ko addini ko mai kuɗi a wurin ba. To ya ake aikata wannan a zahiri?

Ka fara da gaisuwa. Mai gadin layinku, ɗan acaɓan da ya sauke ka, yarinyar da ke yi wa madam wanke-wanke, ka san sunansu, ka daina "kai" da "ke". In dattijo ne ka rusuna, ka ce sannu Baba, ya gida ya jiki, ka tsaya ka ji amsa kafin ka wuce.

In almajiri ya zo ƙofa kar ka juye masa tuwon da ya yi tsami wanda kai kanka ba za ka ci ba, gara ka ba shi haƙuri kawai.

A coci kuwa, masu tarbar baƙi ku koma wasiƙar Yakubu sura 2, mai zoben zinariya ya shigo an kai shi kujerar gaba, talaka kuma an ce ya tsaya can, wallahi har yau muna yin wannan, mun san kanmu. Wanda ya riga zuwa shi ne da kujera.

Sai baki. Yakubu 3:9 ya tsawata mana kan yabon Allah da zagin mutum da harshe ɗaya, kuma abin da ka tura a WhatsApp ma yana ciki. Maƙwabcinka Musulmi ya yi rashi, ka je ta'aziyya ka zauna a tabarma, ranar Sallah kuma ka leƙa ka yi masa barka.